Na bar jami'a ban gama ba, zan iya shiga digiri na biyu?

Duk shekarar da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato suka fara sayar da fom na karatun gaba da digiri, wannan tambaya sai ta dawo. Mai yin ta galibi ba yaro ba ne. Magidanci ne da ya kai aji uku a jami'a, mahaifinsa ya rasu, ɗawainiyar gida ta faɗo kansa. Ko kuma matar aure ce da ta kai ajin ƙarshe, haihuwa da jinya suka hana ta rubuta kwas biyu. Wani kuma yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022, wata tara da wata takwas, shi ya sa ya kama kasuwa bai sake waiwayar aji ba. Yau duk suna aiki, sun san sana'arsu, sun ga na bayansu suna cike fom ɗin masta, wato digiri na biyu, sai su ce: shekarun da muka yi a jami'a da waɗanda muka yi a bakin aiki, ba za su isa a ɗauke mu ba?

Amsar a Nijeriya ita ce ba za su isa ba. Gara a faɗe ta tun farko kafin mutum ya zuba kuɗinsa a fom. Makarantar gaba da digiri ba ta ƙirga shekarun da ka zauna a aji, takardar da ka kammala take dubawa. Wanda ya kai aji huɗu zango na biyu, saura masa kwas ɗaya mai yunit biyu (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas), da wanda bai taɓa taka jami'a ba, a teburin tantancewa matsayinsu ɗaya: dukansu takardar sakandare ce a hannunsu. Digiri na shekara huɗu yana buƙatar aƙalla yunit 120 da aka ci, kuma ba ya zama digiri sai majalisar malaman jami'a, wadda ake kira Sanet, ta zauna ta amince da sakamakon. Yunit 118 ba digiri ba ne, kuma jami'o'inmu ba su da wata takardar rabin hanya da suke ba wanda ya tsaya a nan.

Don haka tambayar da ta fi amfani ita ce: wace takarda ce ta ƙarshe da na kammala, wadda ke da hatimi da sa hannun magatakarda? Daga amsar wannan ne hanya take rabuwa.

Kafin a je ko'ina, a fara komawa inda aka baro. Mutane da yawa suna ɗauka sunansu ya fita daga rajistar jami'a alhali bai fita ba, wasu kuma suna zaune da tunanin ƙofa a buɗe take alhali wa'adinsu ya ƙare tuni. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ɗalibi ba zai wuce tsawon kwas ɗinsa da rabinsa ba, wato digirin shekara huɗu iyakarsa shekara shida, na shekara biyar kuma wajen bakwai da rabi. Shekarun da aka jingine karatu da izini a rubuce ba sa shiga lissafi. Waɗanda mutum ya ɓace kawai ba tare da takarda ba, suna shiga, kuma yawancin jami'o'i suna ɗaukar wanda ya daina rajista na wani adadin zanguna a jere a matsayin wanda ya janye da kansa. A nan ne ake yawan yin asara. Ɗalibi ya kwanta ciwo, ko ɗaliba ta tafi wankan gida, a faɗa wa malami da baki, malamin ya ce Allah ya sawwaƙe, a ɗauka an nemi izini. Ba a nema ba. Izini shi ne wasiƙa zuwa ga magatakarda ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, da takardar asibiti idan rashin lafiya ce, sannan a karɓi amsa a rubuce a adana.

Wanda ke cikin wannan hali ya je sashensa da ƙafarsa, kada ya aika. Ya nemi jami'in jarrabawa na sashen, ya ba shi lambar rajistarsa, ya roƙi a buɗe masa babbar takardar sakamako ta shekarar da ya tsaya. A layin sunansa zai ga yunit nawa ya yi rajista, nawa ya ci, matsakaicin makinsa, da jerin kwasa-kwasan da ake binsa. A ƙarshen layin akwai kalma ɗaya ko biyu da ke faɗin matsayinsa, ko yana da kariyoba, wato kwas ɗin da bai ci ba da zai maimaita, ko yana kan gargaɗi, ko an sallame shi. Wannan kalmar ita ce komai. Idan wa'adi bai cika ba, ya biya kuɗin rajistar da ake binsa, ya rubuta abin da ya rage. Idan ya cika, har yanzu yana iya rubuta takardar roƙo zuwa ga Sanet a ƙara masa zango ɗaya ko biyu. Ba dole ne a amince ba, amma akan duba, musamman ga wanda kwas ɗaya ko biyu suka rage masa kuma yana da hujja a rubuce. A ganinmu, duk wanda ya kai ajin ƙarshe bai kamata ya kalli wata hanya ba sai ya gwada wannan ta ƙi, domin zango ɗaya a nan ya fi masa shekara uku a wani wuri.

Idan an sallame shi saboda ƙarancin maki, ko wa'adi ya wuce kuma roƙo bai karɓu ba, to wancan karatun ya tafi. Canja jami'a da ɗaukar maki zuwa wata yana yiwuwa ne ga ɗalibin da ke da kyakkyawan matsayi, wanda jami'arsa za ta sake shi da takarda, kuma ko shi ma akan mayar da shi aji biyu. Wanda aka kora saboda satar jarrabawa kuwa, ba jami'ar da za ta karɓi makinsa.

Yanzu ga ƙofar da ta fi kowace faɗi, wadda a gaskiya ita ce amsar mafi yawan masu tambaya: babbar difloma, wato HND. Mai HND bai yi digiri na farko ba, amma yana iya kai wa digiri na biyu, har ma na uku a wasu wurare, ba tare da ya koma ajin farko na jami'a ba. Tsaninsa shi ne difloma ta gaba da digiri, PGD. Yankinmu cike yake da masu wannan takarda, daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a nan Sakkwato, da ta Waziri Umaru a Birnin Kabi, da ta tarayya a Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara. Mutum ya yi shekara biyu a ƙaramar difloma, shekara ɗaya ta koyon aiki, shekara biyu a babbar difloma, ya yi bautar ƙasa, sannan ya nemi PGD. Ita kuma zango biyu ce ga mai karatu na cikakken lokaci, ta fi haka ga mai haɗawa da aiki.

Darajar HND ɗin tana da muhimmanci. Kwalejojin fasaha suna auna maki a kan 4.00: daga 3.50 zuwa sama distinshin ne, 3.00 zuwa 3.49 babban kiredit, 2.50 zuwa 2.99 ƙaramin kiredit, 2.00 zuwa 2.49 kuma fas. Galibin sassa suna karɓar ƙaramin kiredit a PGD, wasu sai babba. Mai fas yana shan wahala ƙwarai. A karanta sanarwar shekarar da ake ciki, sashe da sashe, domin abin da sashen lissafin kuɗi ya yarda da shi ba lallai sashen kimiyyar kwamfuta ya yarda da shi ba, kuma abin da aka karɓa bara yana iya canjawa bana.

Inda aka fi faɗuwa shi ne cikin PGD ɗin kanta, kuma ba faɗuwar jarrabawa muke nufi ba. Mutum ya shiga da tunanin cewa ai gada ce kawai, a haye a wuce. Yana aiki Litinin zuwa Juma'a, yana zuwa lacca a gajiye, burinsa kada ya faɗi. A matakin gaba da digiri makin ci 50 ne, ba 40 ba, kuma 50 zuwa 59 shi ne C, mai maki 3 a ma'aunin 5. B, wato 60 zuwa 69, maki 4 ne, A kuma daga 70 maki 5. Wanda ya ci kowane kwas da C ya gama da 3.00 cif. Ya sami takardarsa, amma idan sashen da yake nema ya ce sai 3.50 za a ɗauke shi masta, to an gudu ba a tsira ba: ya kashe shekara da kuɗi, takardar ba ta buɗe masa ƙofar da ya yi ta dominta ba. Jami'o'i suna sa iyakar ne tsakanin 3.00 da 3.50. Lissafin mai sauƙi ne. A PGD mai yunit 30, kafin a kai 3.50 sai an tara maki 105, wato rabin yunit ɗin B rabi C. Kowane C a kwas mai yunit uku yana buƙatar B a wani kwas mai yunit uku ya rama masa. Furojet yakan ɗauki yunit mai yawa, huɗu ko shida, saboda haka A a furojet tana ɗaga mutum fiye da A a kowane kwas. Wanda ya san wannan tun makon farko zai nemi malamin da zai duba masa aiki da wuri, ba zai bari sai saura wata ɗaya ya je yana neman take ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu, PGD ta zama a fannin da za a yi mastan, kuma in da hali a jami'ar da za a yi shi. Wanda ya yi PGD a harkar gudanarwa ba zai ɗauke ta ya nemi masta a tattalin arziki ba. Akwai kuma sassan da ba sa sakin jiki da PGD ta wata jami'a, musamman idan fannin bai yi daidai da nasu ba.

Abu na uku ya fi su nauyi, kuma ba kasafai ake faɗa wa mai sayen fom ba. Masta iri biyu ne. Akwai na bincike, irin su M.Sc da M.A da M.Ed, wanda ake rubuta kundi a kare shi gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Akwai kuma na ƙwarewar aiki, irin su MBA da MPA, wanda aka tsara don ma'aikata. Mai HND da PGD ya fi samun shiga na ƙwarewar aikin cikin sauƙi. Amma shi wannan a yawancin jami'o'i ba ya kai mutum digiri na uku kai tsaye. Wanda burinsa ya zama dakta, ya yi MBA, sau da yawa sai an ce ya koma ya yi M.Sc ko M.Phil, wanda shi ma digirin bincike ne. Ko ga mai M.Sc ma, akan nemi matsakaicin maki mai kyau, galibi 3.50 ko kashi 60 cikin ɗari. Idan ƙarin girma a ofis ake nema, na ƙwarewar aiki ya wadatar. Idan bincike ake so, a tambayi shugaban sashe tun kafin a biya kuɗin PGD: mai HND da PGD ɗinku, kuna ɗaukarsa M.Sc? In kun ɗauke shi, kuna barinsa ya wuce digiri na uku? A samu amsar daga bakin mai yanke hukunci, kada a dogara da mai shagon intanet da ke cike fom.

Akwai kuma katangar da wannan tsani ba ya tsallakewa ko kaɗan. Jami'o'i idan za su ɗauki malami suna neman digiri na farko mai kyau, don haka mutum yana iya riƙe masta ta hanyar HND amma a ƙi ɗaukarsa koyarwa a jami'a. Wannan ya sa ake ganin masu masta suna komawa yin digiri na farko. Aikin lauya sai da LL.B da makarantar horon lauyoyi. Aikin likita sai da MBBS. Masta a lafiyar al'umma ba ya mai da kowa likita, haka ma masta a wani reshe na shari'a ba ya sa a kira mutum lauya. Majalisun da ke ba da lasisi a waɗannan sana'o'i biyu, digirin farko na fannin suke dubawa.

Mai NCE, wato takardar kwalejin ilimi, da mai ƙaramar difloma, su hanyarsu ɗaya ce, kuma ba ta bi ta PGD. Waɗannan takardu biyu ba sa kai mutum karatun gaba da digiri. Abin da suke yi shi ne su shigar da shi aji biyu na jami'a ta fom ɗin shiga kai tsaye na hukumar JAMB, ya yi shekara uku, ya tara aƙalla yunit 90. Malamin firamare da ya fito daga kwalejin ilimi ta Shehu Shagari shekara goma sha biyar da suka wuce, ya koyar a Gwadabawa ko Yabo duk tsawon wannan lokaci, digirin farko na koyarwa, B.Ed, ne gabansa kafin mastan koyarwa, M.Ed. A nan akwai ruɗanin da ya kamata a warware: PGDE, difloma ta koyarwa, an yi ta ne don mai digiri ko HND da bai karanci ilimin koyarwa ba. Ba ta mai NCE ba ce. Haka ma almajirin ilimi da ya yi shekaru a zaure, ya sauke littattafan fiƙihu da nahawu da ko malamin jami'a zai jinjina masa. Iliminsa na gaske ne, amma tsarin takarda yake nema. Hanyarsa ita ce jarrabawar NBAIS, hukumar karatun Larabci da addinin Musulunci, ko wata ta kammala sakandare, sai difloma a Larabci ko addinin Musulunci ko shari'a, sai shiga kai tsaye. Irin waɗannan idan sun shiga aji sukan yi zarra, abin da ya fi tare su shi ne kiredit a Turanci.

Mai ƙaramar difloma yana da zaɓi biyu, kuma lissafin shekaru kusan ɗaya ne. In ya bi HND, shekara biyu ce, da PGD ɗaya, uku ke nan kafin masta, ban da shekarar koyon aiki ga wanda bai yi ta ba. In ya bi shiga kai tsaye, shekara uku ce, ya fito da digiri cikakke wanda ba wanda zai yi masa tambaya a kansa har abada. Idan yajin aiki bai shiga tsakani ba kuma yana da makin da za a ɗauke shi, ta biyun ta fi.

Ga wanda bai da komai sai takardar sakandare kuma ba zai iya barin aiki ba, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda ke da cibiyar karatu a Sakkwato, akwai kuma shirye-shiryen digiri na ƙarshen mako da na lokacin hutu. Ba gajerun hanyoyi ba ne, shekara huɗu ko fiye suke ci. Abin da za a tabbatar kafin a biya ko sisi shi ne hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da wannan kwas ɗin a wannan jami'ar, domin amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas daban.

Masu takardun ƙwararru, irin na ICAN da ANAN a aikin akanta, wasu jami'o'i suna karɓarsu a PGD ko MBA, galibi idan an haɗa da HND. Wannan ya danganta da jami'a, kuma a cikin sanarwarta za a gani.

To me ya sa ake jin cewa wane ya yi masta a waje ba shi da digiri? Domin a wasu ƙasashe hakan yana faruwa. A Ingila jami'o'i suna da ikon duba shekarun aikin mutum da takardun sana'arsa su ɗauke shi masta, musamman a kasuwanci da kwamfuta da zane-zane. Sukan nemi shekaru masu yawa a matsayi na jagoranci, da wasiƙu daga wurin aiki, da rubutu, wani lokaci da ganawa, wasu kuma sai su ce a fara da ƙaramar shaida ta gaba da digiri, in an ci a wuce. Faransa tana da dokar da ke ba da damar auna ƙwarewar aiki a madadin takarda. A Amurka abu ne mai wuya, abin da aka fi gani can shi ne shirin da ke haɗe digiri na farko da na biyu a shekara biyar, wanda ɗalibin ke fita da duka biyun. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa tsarinsu lisans ce ta shekara uku, sannan masta shekara biyu, kuma lisans ɗin ita ce mabuɗi.

Matsalar tana tasowa ne ranar da aka dawo gida. Mai takardar waje zai kai ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a tantance. Hukumar bautar ƙasa digiri na farko ko HND take kira a kai. Ma'aikatar gwamnati idan za ta ɗauki mutum, ko jami'a idan zai nemi digiri na uku, jerin takardu suke bi daga firamare zuwa sama, kuma gurbin digirin farko da ke fanko a fom ba ya ɓoyuwa. Wanda zai zauna ya yi aiki a can, ko yake da kamfaninsa, ko yake aiki da ƙungiyoyin da ƙwarewa suka fi dubawa, irin wannan masta zai amfane shi. Wanda ke son ya kai ta sakatariyar jiha a ƙara masa mataki, ya fara tambayar ofishin kula da ma'aikata a rubuce kafin ya sayar da fili ya biya kuɗin makaranta da fam.

Wani abu da ake rikita shi da wannan: ɗalibin ajin ƙarshe yana iya neman masta a waje tun bai gama ba, a ba shi gurbi bisa sharaɗi. Sharaɗin shi ne ya kawo sakamakon ƙarshe da darajar da aka ambata kafin ranar fara karatu. In kariyoba ta riƙe shi, gurbin ya faɗi. A gida kuwa galibi ba a karɓar mai jiran sakamako, domin cikin abin da ake nema har da takardar bautar ƙasa.

Ita wannan takarda kashi uku ce, kuma ya kamata babba mai komawa karatu ya san wadda za ta same shi. Akwai ta kammala hidima. Akwai ta yafewa, ga wanda ya haura shekara 30 a ranar da ya kammala karatu. Akwai kuma wasiƙar cirewa, wadda ake ba waɗanda suka yi karatu na wucin gadi ko daga nesa. Makarantun gaba da digiri suna karɓar kowace daga ciki, amma ba sa karɓar babu. Kuma kowace cikinsu sai makarantar da ka gama ta tura sunanka, ita ma ba ta iya turawa idan hukumar JAMB ba ta da shaidar gurbin da aka ba ka. Masu HND da suka shiga ƙaramar difloma ba ta hannun JAMB ba sun san wannan ciwo.

Dole a yi maganar masu sayar da gajeriyar hanya, domin wanda ya gaji da jira shi suke nema. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano ta jamhuriyar Benin cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin jamhuriyar Benin da Togo, abin da ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gaskiya. Duk wanda ya ce maka zai haɗa maka shekarunka uku na baya ya fitar maka da digiri a wata shida, ko zai nemo maka sakamakon wata jami'a, yana sayar maka da abin da zai rushe duk ginin da ka ɗora a kansa. Jami'a tana da ikon janye masta ko digirin dakta ko bayan shekara ashirin idan ta gano tushen na bogi ne, kuma ma'aikaci yana rasa aikinsa a kan haka. Ko shirin ƙarin shekara ɗaya don mai da HND digiri da hukumar kula da kwalejojin fasaha, NBTE, ta sanar a 2023 tare da jami'o'in waje, hukumar NUC ta fito ta ce ba da yawunta ba. Idan hukumomi biyu na gwamnati suka saɓa a kan takarda, ɗalibin da ya biya kuɗi shi ke tsakiya.

Ranar tantancewa, jami'i yana zaune da fayil ɗinka a gabansa, yana jera takardun asali ɗaya bayan ɗaya yana bin suna da yatsa. Kiredit biyar na sakandare da Turanci, da lissafi a yawancin fannoni, a zama ɗaya ko biyu. Mutane da dama masu HND a nan suke tsayawa, domin an ɗauke su difloma da fas a Turanci tun da daɗewa, sun manta. Maganinsa a sake zama jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu tun kafin a sayi fom. Sai suna. A ƙasar Sakkwato mun saba ɗaukar sunan gari, sai ka ga takardar sakandare ta ce Bello Umar, ta difloma ta ce Bello Umar Wurno, ta bautar ƙasa ta ce Umar Bello W., katin ɗan ƙasa kuma ya zo da wata ranar haihuwa dabam. Mace kuma ta sauya zuwa sunan miji a tsakiyar karatu. Kowane irin wannan yana buƙatar takardar rantsuwa daga kotu, sau da yawa da sanarwa a jarida, kuma a yi su tun da wuri.

Na ƙarshe kuma wanda ya fi cin lokaci shi ne cikakken sakamako, taranskirif. Ba a ba ɗalibi a hannu. Makarantar da ka gama ita ke aika shi kai tsaye zuwa makarantar gaba da digiri, bayan ka biya kuɗi, ta Remita idan ta tarayya ce. Ga wanda ya gama shekara goma ko ashirin da suka wuce, sakamakonsa yana cikin tsohon fayil ne a ɗakin ajiya, sai an tono an buga an kai sashe an sa hannu. Yana iya ɗaukar makonni, yana iya ɗaukar watanni. A nema tun ranar da aka yanke shawarar komawa karatu, a riƙe rasit da lambar aikawa, sannan bayan mako biyu ko uku a je ofishin makarantar gaba da digiri a tambaya ko ya iso kuma an sa shi a fayil mai sunanka, domin yakan iso ya kwanta a tire ɗin wasiƙu alhali kwamitin sashe yana zaune yana ware fom ɗin da ba su cika ba.